Ni da maigida duk mun yi ƙiba, amma ni kaɗai nake haki

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada nan Zariya, shekarata 38, yarana huɗu autan ya shekara biyu, ina koyarwa a wata sakandare. Tun bayan haihuwar nan ta ƙarshe nake fama da haki. Ajina a saman bene yake, kafin in kai sai na tsaya sau biyu ina riƙe ƙarfe, in nayi sujada ji nake kamar an danne min ƙirji, in hunturu ya shigo kuma har fito ƙirjin yake da dare. Kilona 88 tsayina mita 1.6. Maigida ya fini nauyi, tumbinsa har yanke farcen ƙafa ya gagare shi, amma shi baya haki sai dai minshari da gyangyaɗi, kullum cewa yake son jiki ne ke damuna. Naje asibiti likita yace in rage ƙiba wai kitse na fitar da wasu sinadarai dake taɓa huhu, kafin in tambaye shi ya kira na bayana. Akwai abinda ban taɓa gayawa kowa ba, farkon aurena dangin miji sun dameni da gorin rama na sha sha-ka-fashe kusan shekara guda. Yanzu naga ana tallan wani maganin leftin a Facebook wai yana narka kitse. In saya? Kuma me yasa nice ke wahala shi yana zaune ƙalau?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sau uku na karanta saƙon nan, kuma kalmar da ta tsaya min a rai ita ce wannan "son jikin". Macen da zata tashi tun asuba ta haɗa wa yara huɗu karin kumallo, ta shirya su, ta tari napep ta tafi ta tsaya gaban allo har azahar ta dawo ta ɗora tukunya, wallahi ba'a ce mata mai son jiki. Hakin da kike yi yana da dalili a cikin jiki, ana iya auna shi da na'ura a rubuta miki a takarda. Maganin Facebook ɗin nan kuma dan Allah ki riƙe kuɗinki, zan gaya miki dalili in mun zo wurin.

Bari mu fara da huhun kansa. Huhu baya jan iska da kansa, kamar zugazugin maƙeri yake, sai an ja shi. Mai jan nasa wata tsoka ce mai faɗi da ta raba ƙirji da ciki, siffarta kamar ƙwarya a kife. In zaki shaƙi iska sai ƙwaryar nan ta baje tayi ƙasa ta ɗan tura kayan ciki, haƙarƙari ya buɗe, iska ta shigo. Numfashi ɗaya in kina zaune bai wuce rabin lita ba, kwatankwacin ledar fiya wata guda. In kuwa aka cika huhu taf, na babban namiji yana ɗaukar kusan lita 6, na mace lita 4 da 'yan kai. Ko tsayinku ɗaya shekarunku ɗaya da namiji, naki zai gaza nasa da kamar kashi 10 cikin 100, hanyoyin iskarki ma sun fi nasa ƙunci. Halitta ce wannan ba ciwo ba, amma kinga tun daga nan ɗakinki ya fi nasa ƙanƙanta, in aka shigo da kaya ke zaki riga shi jin matsi.

Gwada wani abu yanzu kina karantawa. Ki saki numfashi yadda kika saba, sannan ki ƙara matse ciki ki fitar da saura. Wannan da kika ƙaro ita ce ajiyarki, tana cikin iskar dake zama a huhu tana riƙe ƙananan hanyoyi na can ƙasa a buɗe, kuma ita ƙiba ke fara cinyewa tun kafin ta taɓa komai. Wani bincike da aka wallafa a 2006 ya nuna wanda ma'aunin ƙibarsa ya kai 30, ajiyar nan tasa bata kai rabin ta siririn mutum mai ma'auni 20 ba. Ma'aunin nan kilo ake rabawa da tsayi sau tsayi, naki na lissafa ya kama 34. Toh in kika yi ruku'u ko sujada ko kika kwanta rigingine, ciki ya ƙara tura ƙwaryar sama, ɗan wurin da ya rage ya ƙara matsewa. Abinda kike ji a sallah kenan.

Wannan duk aikin nauyi ne. Yanzu ga maganar da likita ya faro bai ƙarasa ba, kuma ban ji daɗin yadda ya sallame ki ba ko da layi ya kai bakin ƙofa, minti biyu ya isa a yiwa mutum bayanin jikinsa.

Da can har masana ɗauka suke kitse rumbu ne kawai, jiki ya tara rarar abinci ya ajiye. Sai a 1994 wani masani Jeffrey Friedman da mutanensa a Jami'ar Rockefeller dake Amurka suka gano ashe kitse yana aika saƙo ta cikin jini, wani homon da aka sa wa suna leftin. Aikinsa ya je ƙwaƙwalwa ya ce mata akwai ajiya, a rage jin yunwa. Iya yawan kitsenki iya yawan leftin ɗinki. Tsakanin 1995 da 1996 aka gano na biyun, adifonektin, shi kuma halinsa daban ne, yana kwantar da kumburi yana taimaka wa insulin ya sarrafa sukari, kuma abin mamakinsa duk da kitse ne ke yin sa, in kitsen yayi yawa musamman na cikin ciki sai ya ragu. Kinga mai zuga ya ƙaru a gida, mai sulhu ya yi ƙasa.

Na kira leftin mai zuga ne saboda baya tsayawa kan yunwa kawai. Yana tunzura ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma a bangon hanyoyin iska da cikin huhu akwai wuraren da yake sauka yayi aiki. In yayi yawa, ga kuma wasu sinadaran kumburi da kitsen ciki ke zubawa a jini ba dare ba rana, sai jiki ya zauna cikin wani ɗan kumburi na ɓoye wanda ba zafi ba zazzaɓi, hanyoyin iska su zama masu saurin fushi, ƙura kaɗan ko hayaƙi kaɗan sai su tsuke. A 2003 an wallafa wani bincike da ya haɗa gwajin jini da gwajin huhu na dubban mutane a Amurka, aka ga ko a cikin waɗanda basu da ƙiba, masu raunin hura iska leftin ɗinsu ya fi yawa, maza da mata duka.

Ga inda muka rabu da maza. Leftin ɗin mace yana ninka na namiji sau biyu zuwa uku ko da ma'aunin ƙibarsu ɗaya, dan kitsenmu ya fi taruwa a ƙarƙashin fata, cinya da ƙugu da mazaunai da damtse, kuma wannan irin ya fi na ciki fitar da leftin, su kuma maza homon ɗinsu na mazantaka yana danne shi. Alaƙar ƙiba da asma ta fi ƙarfi a mata, har akwai irin asmar da bata kama mutum sai ya girma yayi jiki, mafi yawan masu ita mata ne, kuma sau da yawa tana yiwa magani taurin kai sai an rage nauyi. Fiton da ƙirjinki ke yi da hunturu ne yasa na kawo wannan, gwaji ne zai raba gardama. Muna da rahama ɗaya dai, adifonektin ɗinmu ya fi na maza yawa, sai dai kitsen ciki yana cinye wannan rahamar, kuma in al'ada ta ɗauke kitsen mace ma komawa ciki yake kamar na namiji. Ke kina 38, kina da sarari a gabanki, shi yasa nake so ki fara yanzu.

Maganar sha-ka-fashe, nagode da kika amince min kika faɗa, kuma kar ki ƙara ɗora wa kanki laifi. Yarinya ce ke sabuwar amarya a gidan mutane ana miki gori safe da yamma, masu gorin da mai kemis ɗin da ya ƙulla miki a leda ba tare da takardar likita ba su ya kamata su ji kunya. Yawanci abinda ke cikin haɗin nan dekzametazon ne da wani mai buɗe ciki, shi kuma dekzametazon in an daɗe ana sha kitsen da yake sawa a ciki da fuska da ƙeya yake tara shi, ya hau da jini ya hau da sukari ya raunana ƙashi da tsoka. Akwai wata 'yar maƙwabtanmu a cikin birni da aka fara ba ta wata uku kafin bikinta, ranar kamu kowa na cewa tubarkalla amarya tayi kyau, ni kuwa da na zauna kusa da ita fuskar na gani ta zama kamar faranti, ƙafafu sirara, wuyan riga ya kama ta, tana ta jan numfashi ta baki a ƙarƙashin mayafi. Shekara bata zagayo ba aka ce tana da ciwon sukari. Ke kin daina tuntuni alhamdulillah, amma ki gaya wa likita kin taɓa sha, zai taimaka masa. Duk wadda ke karanta wannan tana kan sha kuma, kar ta yanke shi rana ɗaya, yankewar farat ɗaya na iya kai mutum ga suma har ga rasa rai, a hankali likita ke rage shi.

Yanzu maigida. Ƙanwata ba ƙalau yake ba, gaskiya ma shi ya fi tayar min da hankali. Kitsen namiji a cikin ciki yake taruwa ya zagaye hanji da hanta, daidai ƙarƙashin ƙwaryar nan, dan haka kilo ɗaya na tumbi ya fi kilo ɗaya na cinya matse huhu nesa ba kusa ba, adifonektin ɗinsa kuma dama ƙasa yake da naki. Rashin hakinsa ki duba yininsa, in daga gida mashin ne ko mota zuwa shago ko ofis ya zauna har la'asar, toh bai taɓa tambayar huhunsa komai ba balle ya ji amsa. Ke kullum bene na miki jarabawa, shi ba mai yi masa. Tasa jarabawar da dare take zuwa. In ya kwanta naman wuya ya saki ya toshe maƙogwaro, kiji minshari ya hau ya hau sai ɗif, shiru, ƙirji na motsi iska bata shiga, sannan yayi wani gurnani ya farfaɗo ya juya. In shirun ya kai daƙiƙa 10 ko fiye kuma yana maimaituwa cikin dare, wannan ciwo ne sananne na ɗaukewar numfashi a barci, ya fi kama maza sau biyu zuwa uku, yana jawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Leftin ma yana da hannu a nan, dan cikin ayyukansa har da zaburar da ƙwaƙwalwa ta sa a yi numfashi sosai, amma in ya daɗe da yawa a jini sai ƙwaƙwalwa ta daina jinsa, kamar mai gida kusa da injin markaɗe da ya daina jin ƙarar. A wasu masu ƙiba sosai numfashin sai yayi sama-sama, gurɓatacciyar iska ta taru a jini, mutum ya tashi da ciwon kai ya wuni yana gyangyaɗi. In yana tuƙi hanyar Kaduna ko Kano da wannan gyangyaɗin, ki ji tsoro, ni ma naji.

Wannan rashin jin na ƙwaƙwalwa shi ne dalilin da nace kar ki sayi maganin can. Mai ƙiba leftin yawa yayi masa ba kaɗan ba, wanda ruwa ya ci ba'a ƙara masa ruwa. Kuma leftin furotin ne, in an haɗiye shi ciki narkar da shi yake kamar ƙwai, ko a asibiti allurarsa ake yi, ita ma amfaninta na 'yan tsirarun da aka haifa jikinsu baya yin sa kwata-kwata ne, irin yara biyun da aka fara ganowa a Kambirij ta Ingila a 1997, da masu wani ciwo na rashin kitse a jiki. Su shayin rage tumbi kuma da yawansu zawo da fitsari kawai suke sawa, ruwa ne ke fita kitsen na nan.

Kafin ki ɗora komai kan ƙiba dai, akwai kalma ɗaya a saƙonki da bazan wuce ta ba, kince tun bayan haihuwa. Zariya an san ta a littattafan likitanci na duniya kan ciwon zuciya na bayan haihuwa, tun shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na ABU suka bi ɗaruruwan mata masu shi suka rubuta, suka danganta yawansa a nan da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suke yi, amma gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya kaya. In ƙafafunki na kumbura, ko sai kin tara filo biyu uku kike iya barci, ko kina farkawa tsakar dare kina neman iska, kar ki jira sati mai zuwa, gobe ki tafi. Ko babu waɗannan ki nemi a auna jininki a duba ko yayi ƙasa, dan ƙarancin jini ma haki yake sawa, a duba hawan jini da sukari, a yi hoton ƙirji da hoton zuciya. In akwai tari da ya wuce sati biyu ko zufan dare a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne, ga cibiyar tarin fuka ta Saye nan kusa damu.

Sai gwajin huhun kansa, sifirometiri suke ce masa, ki tambaya a asibitin koyarwa na ABU dake Shika ɓangaren masu ciwon ƙirji. Ba allura ba ciwo. Zaki zauna a kujera a sa miki ɗan matsi a hanci a baki wani bututu ki kama da leɓe, ki cika ƙirji iya ƙarfinki sannan ki hura da ƙarfi lokaci ɗaya ki cigaba har kamar daƙiƙa 6, ma'aikacin na ce miki ƙara, ƙara, ƙara har kiji ba saura, a maimaita aƙalla sau uku. Na'urar zata nuna yawan iskar da kika fitar gaba ɗaya da wadda ta fita a daƙiƙar farko. Daga nan a baki abin shaƙa a jira kamar minti 15 a sake, in lambar ta tashi sosai alamar asma kenan. In an rubuta miki inhela, wato abin shaƙar nan, ki karɓa, kar ki saurari masu cewa in an fara ba'a dainawa, ɗan maganin dake cikinta kai tsaye huhu yake zuwa, ba ɗaya yake da ƙwayoyin da kika sha a da ba.

A gida kuma sikeli ba shi kaɗai bane, ki ari tef ɗin tela. Ki tsaya ki saki numfashi, ki zagaya shi tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya, kar ki shanye ciki. Mace in ta haura inci 31 da rabi an fara shiga haɗari, inci 35 ya yi yawa, namiji inci 37 da inci 40. Mafi sauƙi ma awon cikin kar ya kai rabin tsayin mutum, naki rabin tsayin santimita 80 ne. Ki rubuta a bayan kalanda duk farkon wata.

Kar ki sa wa ranki komawa jikin 'yanmatanci. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, wato kilo 4 da rabi zuwa 9, ya isa ki fara jin bambanci a bene da kan sallaya, kuma ki bashi wata shida ba sati biyu ba. Dalili, da kin yanke abinci da ƙarfi leftin faɗuwa yake da sauri tun kafin kitse ya motsa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga ta sako miki yunwa mai zafi, shi ne zaki ga mace ta wahala wata guda ta dawo ta fi da, sai ta ce bata da zuciya alhali jikinta ne ke kare kansa. Ƙarancin barci ma yana saukar da leftin ya ƙara yunwa, dan haka wayar nan ta bayan isha'i a rage. Ni da zan zaɓar miki wuri ɗaya ki fara, abin sha zan zaɓa, lemon roba da shayi mai sukari cokali uku da zoɓo da kunun aya da ake zuba wa sukari kamar ba gobe. Tuwo ki ci abinki amma malmala ɗaya, miya ta fi tuwon yawa, kwaɗon zogale da rama da wake su samu wuri a faranti, abincin dare kuma da wuri. Tafiya minti 30 kwana biyar a sati, da sauri daidai yadda zaki iya magana amma ba waƙa ba, ko ki sauka daga napep tun kafin ƙofar makaranta ki ƙarasa da ƙafa, amma wannan sai bayan an duba zuciyar an ce lafiya. Da hunturu ki sa takunkumi in hazo ya sauko. Turaren wuta na san yadda muke da shi, ni ma ina sonsa, amma ki turara ɗaki ki buɗe taga ki fita sai hayaƙin ya lafa, maganin sauro na ƙonawa ki musanya shi da gidan sauro, girkin itace ko gawayi a fili ba cikin rufaffen kicin ba, janareto nesa da taga.

Shi kuma maigida kar ki tare shi da "ai kai ma baka da lafiya", namiji in yaji kamar ramuwa kike sai ya kafe. Daren nan in yayi barci ki ɗauki waya ki naɗi minti biyar na minsharin har da wurin shirun, ki ƙirga daƙiƙoƙin a ranki. Da safe bayan ya karya, yara sun fita, ki zauna kusa da shi ki ce Abban yara jiya ban iya barci ba tsoro ya kama ni, saurari kaji, ki miƙa masa wayar ki yi shiru ki bar shi ya ji da kunnensa. Sannan ki roƙe shi ya raka ki Shika ranar gwajinki, in kun shiga ki kunna wa likita abinda kika naɗa a gabansa, ki ce a auna masa jini da wuya da ciki shi ma. In kun karɓo takardun ki ɗauko min hotonsu ta inda kika turo wannan saƙon, in kika ga lambobin sun miki yawa zamu bi su tare ɗaya bayan ɗaya. Allah ya baku lafiya ya raya zuri'a.